Haɗa karnuka da rajistar kwikwiyo a Kano: tambayoyi da amsoshi

Karnukan gadi sun yawaita a Kano. Daga Nassarawa da Bompai zuwa Badawa, Hotoro da Sabon Gari, har masana'antun Sharaɗa da Challawa, za ka ji haushin Alsatian, Boerboel, Rottweiler ko Caucasian a bayan get. Yawan karnukan ya zo da yawan saɓani, kuma akasarinsa a kan abu biyu ne: haɗa kare da karya, wanda 'yan harka ke kira kurosin, da kuma takardun 'ya'yan da aka haifa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Ai mun san juna. Me zai sa mu rubuta yarjejeniya?

Saboda tsakanin ranar haɗi da ranar rabon 'ya'ya akwai kusan wata 4. Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, sannan 'ya'yan su yi mako 8 a gindin uwarsu. A cikin wannan lokaci kowa yana tuna maganar da ta fi masa daɗi ne. Mai kare ya ce "ka ce in zaɓa," mai karya ya ce "na ce zan ba ka ɗaya." Ba lallai wani ya yi ƙarya ba, tun farko ne ba a ƙarasa maganar ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma kwikwiyon da aka yi alkawarin bayarwa nan da wata 4 nauyi ne a wuyan wanda ya yi alkawarin.

Shafi ɗaya ya isa. A sa sunayen masu karnukan, sunan kare da na karya da jinsinsu da launinsu, lambar cif (ƙaramar na'urar shaida da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata) idan akwai, ranakun haɗi, abin da za a biya da lokacin biya, abin da za a yi idan ciki bai shiga ba, da wanda zai sa hannu a takardar rajista. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Shin addini ma ya yarda da kuɗin kare da kuɗin barbara?

Wannan ce tambayar da mutane da yawa ke riƙewa a zuci, kuma ta cancanci amsa ba ɓoye-ɓoye. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana kuɗin kare. Wani hadisin a Buhari, daga Abdullahi ɗan Umar, ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa an yi rangwame a kan kyautar da mai macen ya bayar don karamci, ba da sharaɗi ba.

Malamai sun yi saɓani wajen fahimtar waɗannan. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure a Kano ya sani, ta ce an hana sayar da karnuka, amma an yi saɓani game da wanda aka yi izinin riƙewa, kamar na farauta da na gadin dabbobi, kuma wanda ya kashe irin wannan kare zai biya ƙimarsa. Sahnun, cikin manyan Malikawa, ya halatta sayar da shi, haka ma Hanafawa. Shafi'awa da Hambalawa sun hana. A kan barbara kuwa, Muhtasar Halil ya bambance abu biyu: hayar namiji a kan sai mace ta ɗauki ciki ba ta halatta ba, amma hayarsa na lokaci sananne ko sau adadi sananne ta halatta.

Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka kai wa malaminka maganar da duk bayananta. Abin da nake so ka lura da shi dai shi ne, bambancin da Halil ya yi shi ne ainihin abin da kyakkyawar yarjejeniya ke ginuwa a kai, ko a Turai ne.

To kuɗin haɗin na mene ne? Ciki nake saye ko me?

Haɗi kake biya, ba ciki ba. Mai kare ba shi da iko a kan mahaifar karyarka. Abin da ke wuyansa shi ne ya kawo lafiyayyen kare, wanda kuka yi magana a kansa, ya kuma bari a haɗa sau adadin da aka rubuta, galibi sau 2 da tazarar kwana 2. Duk mai karen da ya ce maka "na lamunce ciki sai ya shiga," ya yi alkawarin abin da ba nasa ba.

Kuɗi ya fi ko a ba da kwikwiyo?

Al'adar masu kiwo ita ce kuɗin haɗi ya yi kusa da farashin kwikwiyo ɗaya na wannan jinsin. Shi ya sa wanda ba shi da kuɗi a hannu yakan ce a ɗauki ɗa. Ni na fi son kuɗi, don ana biya an rabu. Amma idan kwikwiyo za a bayar, a nan ne ya kamata alƙalami ya yi aiki sosai.

A rubuta wa zai fara zaɓa. "Zaɓin farko" yana nufin mai kare ya ɗauki wanda ya so cikin duka, "zaɓi na biyu" kuwa sai mai karya ya cire nasa tukun. A rubuta namiji ne ko mace, ko kowanne. A rubuta ranar zaɓe. Zaɓe a makon farko ba shi da amfani, don kwikwiyo ba ya buɗe ido sai ya kai kwana 10 zuwa 14, kuma ƙirarsa da halinsa ba sa fitowa sai wajen mako 6 zuwa 7. A rubuta ranar ɗauka, da wanda zai ci gaba da ciyarwa idan mai kare ya yi jinkiri. Sannan a rubuta cewa mai karya ba zai sayar da ko ɗaya ba kafin a yi zaɓen, domin wannan ne ya fi ɓata tsakanin abokai: Alhaji ya zo ɗaukar nasa ya tarar babban namijin da ya sa wa ido tuni yana Kaduna.

Dokokin kiwo na FCI, haɗaɗɗiyar ƙungiyar rajistar karnuka ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a 1911 kuma hedikwatarta ke Thuin a Beljiyam, sun nuna cewa 'ya'ya na mai karya ne. Mai kare ba shi da haƙƙi a kansu sai abin da aka yi yarjejeniya.

Idan ɗa ɗaya ta haifa fa, ko suka mutu?

Dole takardar ta faɗi abin da ake kira haihuwa. Masu kiwo da yawa suna sa cewa sai an sami 'ya'ya 2 ko 3 masu rai bayan wasu kwanaki da aka ƙayyade. Idan ba su kai ba, a sake haɗi kyauta a zagaye na gaba. A ganina ba adalci ba ne mutum ya ciyar da karya wata 2 da ciki, wataƙila har da tiyata, sannan a zo a ɗauke masa ɗa ɗaya tilo. A irin wannan hali a koma ga kuɗi, ko a jira haihuwa ta gaba.

Ciki bai shiga ba. Za a mayar mini da kuɗina?

Sai in haka kuka rubuta. Abin da aka saba shi ne maimaitawa kyauta sau ɗaya, idan karyar ta sake shiga zafi, wato lokacin neman namiji, bayan kamar wata 6. Amma mai karya yana da nasa nauyin: ya sanar a kan lokaci, da shaidar likita. Sikanin yana nuna ciki daga wajen kwana 25 zuwa 30 bayan haɗi. Kada ka dogara da ido, don akwai cikin ƙarya, inda nono zai cika, karya ta riƙa tono tana shirya makwanci, alhali babu komai. A kuma rubuta abin da za a yi idan kafin lokacin maimaitawa karen ya mutu ko an sayar da shi: a mayar da rabin kuɗi ne, ko a ba da wani karen da mai karya ya amince da shi.

Wace rana ya kamata in kawo karyata?

Ka fara ƙirga daga ranar da ka ga ɗigon jini na farko, ka kuma sanar da mai kare a ranar. Yawancin karnuka suna karɓar namiji tsakanin kwana na 9 da na 14, lokacin da jinin ya dusashe, kuma idan ka shafa bayanta za ta kawar da jela gefe. Sai dai wasu sukan riga haka, wasu su wuce. Rashin dacewa da rana shi ne babban dalilin rashin ciki, ya fi matsalar namiji yawa. Likita zai iya duba ta da gwajin sinadarin jini ko na ruwan gaba ya faɗi ranar da ta fi dacewa.

A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Kano ke haura digiri 40, a yi haɗin bayan asuba ko bayan magariba. Karnuka masu gashi kamar Caucasian suna galabaita da sauri, kuma tsananin zafi yana rage ingancin maniyyin namiji.

Wane gwajin lafiya zan nema kafin haɗi?

Kowane ɓangare ya nuna katin allura: ta ciwon haukar kare, da ta haɗakar cututtuka irin su parvo da distemper, masu saurin kashe kwikwiyo. A duba kaska da tsutsar ciki. Bayan waɗannan akwai cututtuka biyu da haɗi ke yaɗawa. Ta farko tsiro ne da ke fitowa a al'aura, ja mai saurin zubar da jini, wanda likitoci ke kira TVT. Ya yawaita a karnukan da ke yawo, kuma ana warkar da shi da allurar vincristine mako-mako. Sau da yawa ana ɗaukar jininsa a matsayin jinin zafi, don haka likita ya buɗe ya duba da idonsa, namijin da macen duka. Ta biyu ita ce brucellosis, mai sa ɓari da rashin haihuwa, wadda ke da wuyar warkewa kuma tana iya kama mutum. Gwajin jini ke nuna ta.

Ga manyan karnuka akwai kuma gurɗewar ƙugu da ake gado. Hoton ƙashi ne kaɗai ke nuna ta. FCI tana ba da maki daga A zuwa E, A shi ne mafi kyau. Kare mai ƙaton kai da faɗin ƙirji yana iya zama da ruɓaɓɓen ƙugu, ya raba wa 'ya'yansa, su kai shekara 2 suna jan ƙafa. Idan hoton ya gagara a kusa, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa.

Wa ke kai wa wani? Idan karyata ta kwana can ta ji ciwo fa?

Karya ake kai wa kare, don namiji ya fi sakewa a gidansa. Idan za ta kwana, a rubuta kwanakin, da abincinta, da cewa za a killace ta ita kaɗai. Gudu, cizo ko wani kare ya hau ta saboda sakaci, duk a wuyan mai masauki suke. Ciwon da ta zo da shi kuwa na mai ita ne.

Ka tsaya a wurin lokacin haɗin. Bayan namiji ya hau, sukan manne, ya juya su ba juna baya, su tsaya haka minti 5 zuwa 30. Mutum ɗaya ya riƙe wuyan karyar yana lallashinta don kada ta zauna ko ta fizge. Kada a watsa musu ruwa, kada a ja su, kada a bar yara su taru suna ihu. Raba su da ƙarfi yana yi wa duka biyun rauni. Ciki kuma yana iya shiga ko ba su manne ba.

Ta yaya zan tabbatar karen da na biya ne uban 'ya'yan?

Hoto ko bidiyon lokacin da suka manne, wanda fuskokinsu suka fito, da kwanan wata. Sai kuma naka aikin: ka kulle karyarka har zafin ya ƙare gaba ɗaya, wajen mako 3 daga farawa. Karya tana iya ɗaukar cikin karnuka biyu a zagaye ɗaya, don haka idan karen unguwa ya tsallako katanga bayan kwana 2, za ka ga wasu 'ya'yan ruwa biyu, kuma ba laifin mai karen da ka biya ba ne. Idan gardama ta yi tsanani, gwajin DNA na yawun baki yana raba ta. AKC, ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, da aka kafa a 1884, tana wajabta wannan gwaji ga namijin da ya haifar da 'ya'ya sau 7, ko fiye da sau 3 a shekara ɗaya.

An ce mini kwikwiyon "yana da takarda." Wace takarda ke nan?

Wannan kalma ta ci kuɗin mutane da yawa. Takardu iri biyu ake cakuɗawa. Akwai katin allura, wanda likitan dabbobi ke bayarwa. Na gaskiya za ka ga an liƙa masa tambarin kwalbar maganin, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, ga kwanan wata, ga sa hannu da hatimin likita mai rajista da VCN, hukumar likitocin dabbobi ta Nijeriya. Yana da muhimmanci ƙwarai, amma ba ya cewa komai game da asali. Duk abin da ka ce wa likita jinsin karen ne, shi zai rubuta.

Sai takardar salsala, wato fedigiri, wadda ƙungiyar rajistar karnuka ke bayarwa. Tana ɗauke da lambar rajista, sunan mai kiwo, ranar haihuwa, lambar cif mai lamba 15, da iyaye da kakanni aƙalla hawa 3. Ka tambayi wace ƙungiya ce ta bayar, ka tuntuɓe ta da lambar. Karnukan da aka shigo da su sukan zo da takardar KUSA ko SABBS daga Afirka ta Kudu, ko ta SV ta Jamus, wadda aka kafa a 1899 domin Alsatian, ko ta wata ƙungiya da ke ƙarƙashin FCI. Sannan a sa na'ura a kafaɗar karen a karanta cif ɗin, a gani ko lambar ta yi daidai da ta takarda. Takardar da aka tsara a shagon kwamfuta, mai hoton zaki da kambun zinare, ba salsala ba ce.

Yaya ake yi wa 'ya'ya rajista, kuma aikin wa ne?

Aikin mai karya ne, don shi ne mai kiwo. A ƙa'ida sai uwa da uba duka suna da rajistar da ƙungiyar ta amince da ita, kuma mai kare ya sa hannu a shaidar haɗi mai ɗauke da ranakun. Ana yi wa 'ya'yan rajista gaba ɗaya a matsayin haihuwa guda, kowanne da sunansa haɗe da sunan gidan kiwo. Takardar uba kaɗai ba ta mai da 'ya'ya masu salsala. Ka sa a yarjejeniya cewa za a ba ka shaidar haɗin da kwafin takardar uban da zarar ka gama biya. Mai kare yana da damar riƙe sa hannunsa har a biya shi, amma ba shi da damar ƙara kuɗi a kan sa hannun daga baya.

Mai kiwo ya ce ya sayar mini amma ban da haihuwa. Yana da wannan iko?

Yana da shi, idan ya faɗa kafin ciniki kuma ka sa hannu. AKC tana da rajista mai iyaka: karen yana da takarda, amma 'ya'yansa ba za su samu ba, kuma wanda ya yi kiwon ne kaɗai zai iya ɗage ta. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila, wato Kennel Club, da aka kafa a 1873, tana da irin wannan sharaɗi. Ina goyon bayansa idan don kare lafiyar jinsi ne, misali sai an yi hoton ƙugu. A rubuta abin da zai sa a ɗage, kuma farashi ya sauka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi cikakken kuɗi, sai ranar miƙa takarda a fito da sharaɗi.

Ka yi hattara kuma da "na ba ka mace kyauta, haihuwar farko tawa ce." Ka lissafa abincin shekara 2 da allurai kafin ka ce na gode.

Shekara nawa karya za ta kai kafin a haɗa ta, kuma sau nawa?

Ba a zafin farko ba. Manyan karnuka ba sa gama girma sai wata 18 zuwa 24. Ƙungiyar Ingila ba ta yi wa 'ya'ya rajista idan an haɗa uwar kafin ta cika shekara 1, ko ta kai shekara 8, ko ta riga ta haihu sau 4, ko an yi mata tiyatar haihuwa sau 2. Ba ta karɓar haɗin uba da 'ya, uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. A Kano, inda nagartattun maza ba su da yawa kuma kowa gidan kare ɗaya yake zuwa, wannan na ƙarshe yana faruwa ba tare da an sani ba. Ka tambayi uban karyarka da kakanta kafin ka zaɓa mata namiji.

Yana ba ni takaici in ga karya ƙashin haƙarƙari a waje, nono a zube, an sake kai ta haɗi wata 4 bayan yaye. Dabba ce da aka ba ka amana, ka bar ta ta huta zagaye ɗaya.

Zan iya ba da kafin alƙalami tun 'ya'yan suna ciki?

Cinikin biri a sama ke nan, kuma shari'a ta hana sayar da abin da ke cikin ciki. Ka sa sunanka a layi, ka jira a haihu ka gani. Idan ka bayar bayan haihuwa, a rubuta wane kwikwiyo ne, da hotonsa, da cewa kuɗinka zai dawo idan ya mutu kafin ya shigo hannunka.

Yaushe zan ɗauki kwikwiyo, da me zai zo?

Mako 8. Masu sayarwa a mako 4 abinci suke gudu, kai kuma parvo za ka saya. Ya zo da katin allurar farko, wadda ake yi a mako 6 zuwa 8, da ranakun da aka ba shi maganin tsutsa, da rasit, da takardar canjin mallaka idan mai rajista ne. Allurar haukar kare sai ya kai wata 3, don haka kai za ka yi ta. Ka nemi a rubuta maka kwana 2 ko 3 na kai shi wurin likitanka, da damar mayarwa idan an sami ciwo. Kafin alluransa su cika, kada ka sauke shi a ƙasa a asibitin dabbobi ko inda wasu karnuka ke kai-kawo.

Mu 'yan farauta da karnukan gida, wannan ya shafe mu?

Ya shafe ku, kuma kun riga kowa sanin asali. Tsohon mafarauci yana iya lissafa maka uwar karensa da kakarsa da dajin da kowacce ta yi suna. Ku sa wannan a littafi: ranar haɗi, uba, uwa, yawan 'ya'ya, wanda aka bai wa kowanne. Allurar haukar kare kuma kowace shekara, don karen da ke shiga daji ya fi na bayan get haɗuwa da ita.

Mun riga mun saɓa, ba mu rubuta komai ba. Ina mafita?

Ka tattara abin da ke akwai: saƙonnin WhatsApp, muryoyin da aka tura, shaidar tura kuɗi ta banki, hotuna, da dillalin da ya haɗa ku idan akwai. Ku fara zama gaban wani dattijo a harkar da ku duka kuke jin nauyinsa, ko likitan da ya duba karnukan, ko mai unguwa. Idan abin ya ƙi, lauya zai gaya maka kotun da ta dace da irin wannan ƙara. Kafin a gama, 'ya'yan su zauna wurin uwarsu, a ci gaba da yi musu allura a kan lokaci, a rubuta abin da aka kashe don a cire shi ranar sulhu.